6 ga Oktoba, a ɗakin gashin ƙashi

Yau ce ranar duniya ta masu larurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓin yara. A ɗakinmu dai ba biki, layi ne har bakin ƙofa.

Wadda ta tsaya mini a rai yarinya ce 'yar shekara uku, kakarta ta goyo ta. Har yanzu wuya bai tsaya ba, hannuwa na murɗewa da kansu, na tafa a bayan kunnenta ko gezau. Da na tambayi yadda abin ya faro, tsohuwar ta ce, "'Yar nan, lafiya lau aka haife ta. Kwana huɗu sai ido ya yi rawaya, ta ƙi nono, tana ƙara tana banƙarewa." Kafin a harhaɗa kuɗin mota da na gado, ciwon shawara ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin takaicin, da an zo da wuri, kwana kaɗan ƙarƙashin shuɗiyar fitila kan wadatar. Na nuna wa Iya yadda za ta zaunar da ita lokacin ciyarwa don kada ta shaƙe. Na ce su dawo bayan mako biyu, ta sunkuyar da kai ta ce ko wata-wata zai yiwu. Na rubuta wata-wata.

Da hutun rana muka yi musu da wani abokin aiki da ke cewa larurar ba ta san mai kuɗi ba. Gaskiyarsa rabi ce. Ɗan attajiri ma kan zo bakwaini, wanda yana cikin abubuwan da ke jawo larurar. Amma ƙiyasin da aka fitar a 2022 ya nuna yara kusan 1.6 cikin kowace haihuwa 1,000 a ƙasashe masu arziki, sannan kusan 3.4 a masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ko a Ingila da Amurka an fi ganinta a gidajen marasa hali.

Ni a ganina talauci ta hanyar jinkiri yake ɓarnarsa. Doguwar naƙuda babu ungozoma ƙwararriya, jariri ya fito bai yi kuka ba kuma babu mai hura masa iska a mintin farko. Hawan jinin mai ciki da ba a gano ba saboda ba ta zuwa awo. Sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Akwai allurar magnesiyam salfet, mai araha, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai naƙuda kafin ciki ya kai mako 32 don kare ƙwaƙwalwar jaririn, amma sai wadda ta iso asibiti a kan lokaci za ta samu.

Gobe da safe zan roƙi shugabar ɗakin awo ta ba ni minti goma da masu ciki: yadda ake duba farin idon jariri a hasken rana, da danna fatar goshi a ga ko ta yi rawaya.