Kafin ka karanta Emily Dickinson, duba wane bugu ne a hannunka

Da yawa daga masu neman waƙoƙin Emily Dickinson a intanet ba ainihin abin da ta rubuta suke karantawa ba, kuma ba su sani ba. An haife ta a 1830 a garin Amherst na jihar Massachusetts a Amurka, a can kuma ta rasu a 1886. Ta bar waƙoƙi kusan 1,800, amma kamar goma kacal aka buga tana raye, su ma babu sunanta a jiki. Sai bayan rasuwarta ƙanwarta Lavinia ta tarar da su, da yawansu a cikin 'yan littattafai 40 da marubuciyar ta ɗinke da zare da allura.

Mabel Loomis Todd da Thomas Wentworth Higginson ne suka shirya bugun farko a 1890, suka kuma sa hannu a waƙoƙin sosai. Sun laƙa musu take, sun cire ɗan layin nan na kwance da take sakawa tsakanin kalmomi, sun sauya kalmomi don amsa-amo ya daidaita. Wannan tsohon bugun ne ya cika shafukan kyauta, saboda haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Abin nema shi ne bugun Thomas H. Johnson na 1955 mai waƙoƙi 1,775, ko na R. W. Franklin na 1998 mai 1,789. Lambobinsu sun sha bamban, don haka idan an ba ka lambar waƙa, ka duba ko ta wane ce.

Ga gwaji mai sauƙi. Nemo waƙar da ta fara da "Because I could not stop for Death", lamba 712 a wurin Johnson, 479 a wurin Franklin, ka ƙirga baitocinta. Idan biyar ka gani, da take "The Chariot" a sama, to gyararriyar ce. Ta asali baiti shida ce, kuma na huɗun da aka yanke shi ne zuciyar waƙar. A baitoci ukun farko mai magana tana cikin keken doki tare da mutuwa, suna tafe a hankali, sun wuce makaranta da yara, sun wuce gonakin hatsi, sun wuce rana tana faɗuwa. A na huɗu sai ta gyara maganarta: a'a, ranar ce ta wuce su. Nan take raɓa ta sauko, sanyi ya kama ta, ta lura rigar jikinta shara-shara ce. A nan ne ta fara gane inda ake kai ta. In babu wannan baitin, tafiyar ta zama yawon shan iska, kuma wannan babbar asara ce.

Akwai wurin da Bahaushe kan yi tuntuɓe. Mu mutuwa mace ce a bakinmu, "ta zo", "ta ɗauke" muke cewa. A waƙar nan namiji ne, dattijo mai ladabi da ya tsaya ya ɗauki mace a kekensa kamar mai zance. Wanda bai riƙe wannan ba, rabin tsoron waƙar ya kuɓuce masa.

Sai karin waƙar. Yawanci baitinta ƙwar huɗu ne, ɗango na farko da na uku gaɓa takwas, na biyu da na huɗu gaɓa shida, irin karin waƙoƙin cocin da ta taso tana ji. Kada ka auna shi da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar rubutacciyar waƙar Hausa, domin Turanci da ƙarfin furuci yake awo. Karanta da murya sau uku: na farko don kari, na biyu kana tsayawa kaɗan a kowane layin kwance, na uku kana sauraron ƙarshen ɗango na biyu da na huɗu.

A nan za ka ji amsa-amon bai cika ba. A baiti na uku ta haɗa "Ring" da "Sun", kunnen da ya saba da ƙafiya tsayayya zai ɗauka kuskure ne. Masu bugun 1890 ma haka suka ɗauka, har suka sake ɗangon ya ƙare da "done". Da gangan ta bar shi a karkace, kuma a baiti na huɗu, inda sanyin ya shigo, ta sake yin haka da "chill" da "Tulle".