Abin da aka kafa da siminti da abin da aka rataya da ƙusa

Ƙannena masu shirin gyara muhallinku na farko, kafin ku zaɓi launin komai, ku kasa kayan gidan kashi biyu: wanda za ku iya canzawa da hannunku kafin rana ta faɗi, da wanda sai an kira magini ya zo da guduma. Labule, kafet, matasan kujera da hoton bango suna kashin farko. Tayil, silin, kabad ɗin kicin da kayan banɗaki suna na biyu. Son ranku ku zuba shi a kashin farko iya yadda kuke so. Na biyun kuwa a bi shi a hankali.

Ni ban yi wannan rabon ba. Da na samu gidan kaina, gani nake dole kowane lungu ya shaida ni ne mai shi, sai na shimfiɗa tayil mai zanen ja da baƙi a falo gaba ɗaya. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Da aka kwana biyu, ashe na naɗa wa kaina sarki ne a ƙasan ɗaki: kujerar da na so sai ta yi faɗa da tayil, labulen da ya yi kyau a hannu da an rataya shi ido ya rasa wurin hutawa. Ga bangon na shafe da shuɗi mai duhu, ban san launi mai duhu shanye haske yake yi ba, har da rana tsaka sai an kunna fitila. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba daga 0 zuwa 100 a jikin katin launi, mai nuna yawan hasken da fentin ke maidowa. Wa ya tsaya dubawa? Bangon dai ya gyaru, ko da yake sai da aka yi shafi kan shafi kafin fari ya rufe duhun. Tayil kuwa sai fasawa: a fitar da kaya, a sha ƙura, a biya aiki sau biyu.

Daga nan tsoro ya kai ni ɗaya gefen. Na mayar da komai ruwan toka, bango da kujeru da labule, kamar yadda nake gani a Instagram, don an ce shi ba ya tsufa. Falon ya yi tsaf, amma ya koma kamar wurin zaman jira a ofis, babu abin da ke cewa ga mutanen da ke zaune a nan. Kuma maganar ba ya tsufa ba gaskiya ba ce, yayi ne kawai da ya taso a shekarun 2010. Kamfanin Pantone, da ke fitar da launin shekara tun 2000, ya zaɓi ruwan toka tare da rawaya a 2021, a 2025 kuma ya koma ruwan ƙasa. A Amurka a shekarun 1970 firji kore ake yayi. Yau da ganinsa an san shekarun kicin ɗin. Abin da na ga yana jure zamani shi ne fari, ruwan madara, katako na gaske da dutse, domin ba sa gardama da duk abin da aka ajiye kusa da su.

To yaya mutum zai bambance son ransa da na yayi? Ku buɗe akwatin tufafinku ku ga launin da ya fi yawa, ku duba abubuwan da kuka ƙi rabuwa da su duk da sun tsufa. Launin da kuka fara so watan jiya a waya, ku saya a matashin kujera tukuna.

Fenti kuma kada ku yanke hukunci daga ɗan katin nan. Ku shafa a wani yanki na bangon, ku dube shi da safe, da rana, da dare. Kwan fitila mai 2700K (lambar launin haske da ake rubutawa a kwalinsa) haskensa rawaya-rawaya ne, mai 6500K ya karkata ga shuɗi, kuma kowanne zai sauya muku launin. In haya kuke, ko akwai tunanin sayar da gidan wata rana, ku tambayi kanku wa zai biya kuɗin mayar da shi yadda yake. In kuma ba ku kaɗai za ku zauna ba, a nuna wa abokin zama gwajin kafin mai fenti ya buɗe bokiti.