Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Akwatin Maigida

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda Kawu ya kama hannuna ya damƙa wa wani mai gyaran keke a Fagge, bayan na gama firamare kuma babu halin wucewa gaba. Shekarar 1976 ce. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, bai gama narkewa a hannun ma'aikata ba, masinja da malamin makaranta da leburan Reluwe kowa ya yi sabon keke, ga kuma masana'antar Raleigh a nan cikin Kano tana ta fitarwa. Rumfarmu ba ta rabuwa da jama'a tun daga hantsi har kiran magariba.

Na zaci faci za a fara koya mini. Ashe akwati za a turo mini, wani tsohon akwatin ƙarfe cike da sifanoni da sai mutum biyu ke ɗaga shi, tare da gwangwanin kananzir da tsumma. Maigida ya ce, "Yaro, wanke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka wanke, ka karanta mini abin da ke jikinsa."

Shi allo ya yi, bai yi boko ba, don haka da hoto yake kiran kayansa. Akwai mai kare, akwai mai kibiya, akwai shafal, akwai ƙashi. Ni kuma ina iya haɗa baƙaƙen Turanci amma ban san abin da suke nufi ba. Sai muka zama kamar makaho da gurgu, ni in karanta, shi ya faɗi aikinta da inda ya same ta. Idan tsatsa ta cinye rubutu, yakan sa in goga alli a wurin in share da yatsa, sai farin ya zauna cikin ramin baƙaƙen su fito. Har yau da wannan dabarar nake karanta tsohon ƙarfe.

Mai kare ita ce King Dick, ta birnin Birmingham a Ingila, hoton kare ne tambarin kamfanin. Wata 'yar ajasta ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, amma bakinta ba ya rawa ko kaɗan. Mai kibiya kuwa ba sunan kamfani ba ne. Wasu layuka uku ne da suka haɗu a sama, alamar da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayan soja, sau da yawa da shekara a gefe. Ta Maigida 1944 aka buga mata. Ya ce a hannun wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama ya saye ta, kuma ba ya ba kowa aronta, ko da maƙwabcinmu mai gyaran agogo ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lambobi. Na ɗauki wata sifana an rubuta 1/4 W, na ɗauki wata an rubuta 1/2 AF, sai na ga mai kwatar inci ta fi mai rabin inci faɗin baki. Na ce, "Maigida, ko dai Bature ya yi kuskure?" Ya yi dariya har da tari, ya ce Bature ba ya kuskure a kan kuɗinsa. Shi dai ya san wadda ke shiga wane noti, dalilin kuwa sai daga baya wani tsohon makaniki na Reluwe da ke kawo mana kekensa ya warware mini.

W ɗin nan sunan Joseph Whitworth ne, injiniyan Ingila da ya tsara ma'aunin noti na bai-ɗaya a 1841. A tsarinsa, lambar da ke jikin sifana ba faɗin bakinta take faɗa ba, kaurin sandar da notin ke hawa take faɗa. AF kuwa faɗin kan notin ne daga gefe zuwa gefe, a inci. Milimita ma haka take, faɗin kai. To 1/4 W bakinta ya ɗara milimita 13 da kaɗan, 1/2 AF kuma ba ta kai 13 ba, 12.7 ce. Za ka kuma tarar da mai lamba biyu a baki ɗaya, kamar 1/4 W da 5/16 BS. Wannan saboda akwai wani tiredin, wato zaren da noti ke hawa, mai laushi da ake kira BSF, wanda kan notinsa ya gaza na Whitworth da mataki ɗaya, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka rage kan notin Whitworth ɗin ma don tsimin ƙarfe. Baki ɗaya, noti iri biyu.

Wannan lissafin ba na nishaɗi ba ne, a kansa muke ci. A shekarun nan ne sifanar milimita ta cika kasuwa, domin Peugeot ta fara haɗa mota a Kaduna a 1975, ga baburan Japan, Honda da Yamaha da Suzuki, duk milimita ne. Yara sababbin buɗe rumfa sai su sayi saiti guda na milimita su ce sun gama. A kawo musu tsohon Raleigh, su sa 13 ta ƙi shiga, su sa 14 ta shiga tana lilo, su danna da ƙarfi, kan noti ya murje ya zama kamar ƙwallo. Daga nan sai kurfi da guduma. Rabin aikin da ke zuwa mana gyaran ɓarnar wasu ne, kuma Maigida ba ya ɓoye haushinsa. Yakan ce wa mai keke, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar? Mahauci ka kai wa?"

Raleigh ma tana da nata taurin kan. Kofin gindin feda da na wuyan keke, tiredinsu 26 ne a inci guda, alhali sauran kamfanonin Ingila 24 suke yi. A ido ba ka ganin bambanci. Za ka ɗaura na wani ya hau zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije, wanda bai sani ba ya ƙara ƙarfi ya kashe firam ɗin mutane. Maigida yana da gwangwanayen madara biyu, ɗaya na Raleigh da 'yan gidanta irin su Rudge da Humber, ɗaya na saura, kuma haɗa su laifi ne babba a rumfar nan.

Idan babu rubutu fa? Nan ne ya koya mini abin da na fi amfana da shi. Ya ce a duba kauri, a duba baki. Shafal, wadda ba ta fi kaurin kwabo ba, ta kon ce, wato ƙarfen da ke danne boris, don ta shiga tsakanin kon da notin da ke kulle shi a gatarin wili, inda sifana mai kauri ba ta da wuri. Mai ƙugiya kamar lauje ta zoben gindin feda ce. Ƙashi, mai dunƙule a kowane kai da ramuka kewaye, ta tafiya ce, a jefa a aljihu, ba ta jure aikin rumfa. 'Yar kewayayya mai tsaga-tsaga ta ɗaure wayoyin wili ce. Akwai kuma farantin ƙarfe mai ramuka da bakuna iri-iri, wanda ke zuwa da sabon Raleigh a cikin 'yar jakar da ke rataye bayan sirdi. Mutane suna raina shi don ba shi da nauyi, amma kowane rami a jikinsa an yanka shi ne daidai da wani noti na keken.

Wata rana wani dattijo, tsohon malamin haraji na En'e, ya turo Rudge ɗinsa, irin mai hoton tafin hannu a farantin sarƙa. Keken ya sha duniya amma yana sheƙi. Ya buɗe jakar sirdi ya fito da wata 'yar sifana gajeriya mai lanƙwasasshen baki, ya ce tun da ya sayi keken take ciki, ya gwada ta a kowane noti ba ta kama ba, har ya fara buɗe gwangwani da ita. Maigida ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Ta mece ce?"

Na ce, "An rubuta Brooks, Maigida."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Ga keken nan, zagaya da ita."

Na bi wili, na bi birki, na bi kariya, babu. Sai da na durƙusa na ga sunan nan dai a bayan sirdin fatar, na leƙa ƙarƙashin hancinsa, ga wani noti a lungu wanda sifana miƙaƙƙiya ba za ta taɓa kaiwa gare shi ba. Ta zauna daram. Notin jan fata ne, idan sirdi ya saki ya yi kwari sai a ɗan juya shi ya miƙe. Maigida ya juya kaɗan ya tsaya, ya ce wa dattijon, "Ranka ya daɗe, kada a wuce haka, fata in ta yage ba ta da faci." Dattijo ya hau ya zagaya, ya dawo yana ta mamaki, wai shekara da shekaru yana ɗora tsumma a kan sirdi alhali maganin yana rataye a bayansa. A ranar ne kuma na ga yadda ake sanin shekarun keke mai giya, domin kamfanin Sturmey-Archer mai yin giyar yakan buga shekara da wata a jikin tulun wilin baya. Nasa 56 aka buga.

Ba duk abin da ke akwatin ne na Turawa ba, kuma a ganina na gida ba su gaza ba. Ƙarafan cire taya da abin fitar da kota, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, duk wani maƙeri ne ya yi su daga sifirin mota. Ana gane su da sawun guduma, babu biyu da suka yi daidai da juna. Na kanti sukan lanƙwashe a tayar 28 mai taurin baki, na maƙerin nan kuwa ban taɓa ganin ɗaya ya ba da kai ba.

Jabu ma a akwatin na fara saninsa. Akwai Gedore ta Jamus, akwai Gedore da aka rubuta wa Indiya a fili, ita ma tana aiki daidai gwargwado, sannan akwai marasa uba da aka buga musu sunan Jamus kawai don a ruɗi mai saye. Maigida yakan saki sifana a kan siminti ya saurara. Ƙarfen da aka buga da zafi yana ƙara mai tsawo, na zubi kuwa ƙwal ɗaya ya yi shiru, kuma ranar da ya gaji ba ya buɗewa, karyewa yake, ka ga cikinsa tsaki-tsaki. Wanda ya tsinci mai rubutun West Germany a yau, ya san an yi ta kafin haɗewar Jamus a 1990.

Abin da ke ba ni takaici yanzu shi ne ganin irin waɗannan kaya a buhun 'yan gwangwan, ana auna su a kilo tare da ruɓaɓɓen kwano. Duk wanda ya gāji akwatin mahaifinsa, kafin ya kira mai sikeli ya jiƙa su a kananzir kwana biyu, ya goge da burushin waya mai laushi. Kada ya kai su injin wasa wuƙa don su yi haske, rubutun ne zai tafi, bakin kuma ya buɗe.

Na shafe watanni a kan akwatin nan kafin a yarda in taɓa keken mutane. Ranar da aka yarda kuwa ba keke aka ba ni ba, kuɗi Maigida ya ƙirga ya sa mini a aljihu, ya ce in tafi Ƙofar Ruwa ni kaɗai in nemo masa 5/16 W, tasa ta buɗe baki, kuma kada in dawo masa da 15. Yadda muka kwashe da dillalan kasuwar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.