Sunaye cike da takarda, asibiti babu kowa

Duk ƙarshen wata akwai takardar da ake aiko mana daga babban birnin jiha. A samanta za ka ga kuɗin da aka ce Abuja ta turo wa ƙaramar hukumarmu, adadi mai sa mutum ya gyara zama. Sai ka bi layi kana gangarowa: an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na horas da ma'aikata, an cire na wasu ayyukan haɗin gwiwa da sau da yawa sai a allon kwangila muke fara ganinsu. Abin da ya saura a can ƙasa, tsohon ma'ajinmu ƙanzo yake ce masa. Yakan riƙe takardar nesa da idonsa ya ce, "To, an kwashe tuwo, a kawo cokali mu kankare."

Shekara 27 na yi a sakatariyar nan, yawanci a sashen kuɗi, daga baya aka mayar da ni sashen ma'aikata. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce a zuba kuɗin a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Mutanen gari suna jin adadin a rediyo, washegari sai su cika ƙofar sakatariya da takardun asibiti da na haihuwa. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Na sama aka karanta musu, ba wanda ya karanta musu na ƙasa.

Wata shekara da damina kantoman da aka turo mana ya kira ni. Ya ce, "Malam, albashi ya cinye mu. Ka je ka ƙirga min mutanen nan da idonka." Tantancewar da aka saba ita ce a tara kowa a harabar sakatariya da takardar ɗaukar aiki a hannu, a ranar kuwa har wanda ba a taɓa gani ba zai bayyana da sabuwar hula. Ni sai na hau babur na riƙa bin mazaɓu ba tare da na sanar ba.

A sakatariya muna da direbobi fiye da motocin da ke tashi. Masinjoji kuwa, kowane ofis yana da wanda zai ɗauko fayil da wanda zai raka shi. Dalili a fili yake: ƙaramar hukuma tana da hurumin ɗaukar ƙananan ma'aikata ne kawai, mataki na 1 zuwa na 6, daga na 7 zuwa sama sai hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha. Kowane ciyaman ya zo sai ya saka wa waɗanda suka yi masa wahala da abin da hannunsa ke iya kaiwa. Ƙwararru kuma an ce an dakatar da ɗauka. Ungozoma ta cika shekara 35 ta tafi, duba-gari ya kai 60 ya tafi, kujerunsu na nan ƙura ta rufe.

A wani asibitin sha-ka-tafi da ke bayan kogi, takardata ta nuna mutum tara. Na iske biyu. Ɗaya maigadi ne, shi ke yanka kati, shi ke share ɗakin awo. Ɗayar kuwa sunanta ma ba ya cikin takardar. Yarinya ce 'yar garin da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta dawo tana aikin sa-kai shekara ta huɗu ke nan, da fatan in an buɗe ɗauka a tuna da ita. Na same ta tana auna wata mai ciki, ga layin mata da goyo har gindin dalbejiya, firjin rigakafi na aiki da hasken rana, ta lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura. Na tambaye ta wa ke biyanta. Ta ce, "Baba, wani lokaci matan kan kawo min ƙwai."

Na dawo da zafina, na zare sunaye da jan biro. A nan na yi kuskuren farko, don na ɗauka duk sunan da ba mai shi ɓarawo ne ke bayansa. Cikin waɗanda na cire akwai wani lebura da ya rasu shekara biyu kafin nan, albashinsa bai daina fita ba. Kwana uku da tsayar da shi sai ga matarsa a ofishina da yara biyu, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ƙi hawa kujera. Ta ce, "Malam, ni ba ɓarauniya ba ce. Haƙƙinsa na mutuwa ba a ba mu ba, fayil ɗin an ce yana birni. Wani a nan ne ya ce in riƙa karɓar wannan kafin wancan ya fito, shi yana ɗaukar rabi." Sunan dai ban mayar ba, doka ba ta ba ni dama ba. Amma sai da na yi sawu biyar zuwa ofishin fansho da kuɗin motata kafin a gano fayil ɗin a ƙasan wani kwali. Na bogin gaske kuwa, 'ya'yan manya da ke zaune a birni suna karatu ko kasuwanci, waya ɗaya aka buga wa kantoma da daddare. Da safe ya ce min, "Malam, waɗannan a bar su tukuna." Tukunan ba ta ƙare ba har ya tafi.

Kuskure na biyu shi ne canjin wurin aiki. Na ga ma'aikatan lafiya sun taru a asibitin cikin gari suna hira, ƙauyuka ba kowa, sai na rubuta takardun tura su. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Ban lissafa cewa yawancinsu matan aure ne ba, ga yara a makaranta, can kuma ba ɗakin kwana. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mafi ƙarancin albashi kuma yana nan a 30,000. Kuɗin acaba zuwa da dawowa ya kusa cinye abin da wasu ke ɗauka. Sai suka koma zuwa ranar Litinin su sa hannu na mako guda. Da na zauna da su ban sami bakin faɗa ba. Inda abin ya ɗan yi aiki shi ne inda dagaci ya ba da ɗaki a gidansa, kwamitin mazaɓa ya gyara banɗaki, aka kuma zaɓi wadda take da dangi a garin. Daga nan na daina tura mutum wurin da ban je na ga inda zai kwana ba.

Maganar kuɗin shiga kuwa, dattawa kan tuna zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali ke cika baitulmali. Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu a 1979, talakawa suka yi murna, kuma da hujjarsu, don an sha wuya a hannun masu karɓa. Sai dai tun daga nan ido ya koma Abuja. Mun taɓa yunƙurin ƙara kuɗin rumfa a kasuwarmu ta mako. Sarkin kasuwa ya saurare mu har muka gama, sannan ya nuna kwatar da ta toshe tana malala gaban masu nama ya ce, "Yallaɓai, wanda muke biya yanzu ina yake zuwa?" Muka yashe kwatar, muka canza masu yankan rasit biyu da aka kama da littafi na aljihu. Ba mu ƙara ko kwabo ba, abin da ke shigowa ya ƙaru. Daga ciki na roƙa aka riƙa ba yarinyar nan ta bayan kogi ɗan alawus, abin da bai fi kuɗin sabulu ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Ofishinmu ya kaure da murna, har da masu raba goro. Ni ma na ji daɗi, amma malaman firamare da na sani jikinsu ya yi sanyi, don tsofaffinsu ba su manta shekarun da albashinsu ke hannun ciyamomi ana bin bashin watanni ba. A watan ne kuma aka sa hannu kan sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000, wanda in aka biya shi yadda ya kamata zai lashe yawancin ƙarin da ake hange. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: waɗanda suka iya haɗa littafin kuɗi na shekara a sashen kuɗi duk sun yi ritaya, ba su bar wanda suka koya wa ba. Har na ajiye aiki, takardar ƙarshen wata daga birni take zuwa, da layukanta kamar yadda na san su.

Ranar da nake miƙa ofis na ba magajina makullai da fayiloli, na ware guda ɗaya na ɗora masa a sama, na yarinyar nan ne. Ya buɗe ya duba ya ce, "Ai Baba, ba ka ji ba? Wani mai kyamis a birni ya ɗauke ta tun bayan sallah." Na tambaye shi wa ke asibitin yanzu. Ya ce maigadi yana buɗewa da safe.