Saƙon Godiya Bayan Abin Da Ya Same Mu A Tsaunukan Shere

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin iyayenmu da dukkan mutanen gidanmu da ke Ƙofar Marusa a birnin Katsina, da kuma abokan tafiyar da muka hau tsaunukan Shere tare a ƙarshen makon jiya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya kira, ko ya aiko da saƙo, ko ya tako har gida don yi mana barka da arziki tun da labarin faɗuwar ƙanena ya bazu. Alhamdu lillahi yana gida, an sa wa ƙafar siminti a asibiti, yana ci yana sha, kuma likita ya tabbatar mana cewa karayar ba ta kai gwiwa ba. Da yake labarin ya yi ta yawo da ƙarin gishiri, har wasu suka ji cewa aradu ce ta faɗo masa, na ga ya dace in faɗi yadda abin ya faru, domin godiyar ta isa ga masu ita.

Mun bar Katsina ranar Juma'a da asuba, muka bi ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka, muka kwana a Jos. Tsaunukan Shere suna gabas da garin, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, alhali Jos ɗin kanta tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200. Ga mutumin Katsina, wanda ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, wanda kuma abin da ya fi sani da tsawo tun yana yaro shi ne Hasumiyar Gobarau, wannan wata duniya ce dabam. Watan Agusta a can tsakiyar marka ne, amma safiyar Asabar ɗin ta waye garau, muka kama hawa da ɗan jagora, ɗan ƙabilar Afizere mazauna yankin, wanda ya san kowane lungu na duwatsun.

Bayan azahar kaɗan, muna dab da sama, iska ta juya, hadari ya haɗo daga gabas cikin ɗan lokaci, sannan wani farin hazo ya rufe mu har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa da taku goma. Godiyarmu ta farko, bayan ta Allah, ga jagoran nan take. Da aka yi tsawar farko wasu daga cikinmu suka nufi wata bishiya tilo da ke kan tudun don su fake, ya daka musu tsawa su dawo, ya ce a nan aradu ta fi faɗawa. Ya sa muka sauka daga kan ƙololuwar, muka rarrabu maimakon mu dunƙule wuri guda, muka tsuguna har walƙiyar ta lafa. A wajen gangarowa ne ƙanena ya taka wani falalen dutse da gansakuka ta lulluɓe, santsi ya kwashe shi, ya gangara cikin wani kwazazzabo, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙwauri.

Wayoyinmu babu sabis, ruwa kuma bai tsagaita ba. Jagoran ya daidaita ƙafar tsakanin sanduna biyu, ya ɗaure da rawanin ɗaya daga cikinmu, ya gargaɗe mu kada kowa ya ja ta da sunan gyara, sannan ya bar mu ya sauka da gudu neman taimako. A zaman jiran nan ne muka ga abin da ya fi karayar ban tsoro. Rigar yadin da ke jikin yaron ta jiƙe sharkaf, iska na kaɗawa, ya fara kakkarwa har haƙoransa na haɗuwa, can kuma maganarsa ta fara harɗewa, yana cewa barci yake ji. Daga baya likita ya bayyana mana cewa jiƙaƙƙen tufa da iska suna janye ɗumin jiki da sauri, kuma sanyi irin wannan yana iya halaka mutum tun kafin raunin ya yi masa wata illa.

Wani yaro makiyayi ne ya fara iske mu, yana koro shanunsa zuwa ruga. Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba. Ya cire ledar da ya yafa, ya ce a tuɓe wa majinyacin jiƙaƙƙiyar rigar a naɗe shi da ita, shi kuma ya tsaya cikin ruwan da malafarsa kawai. Ba mu san sunansa ba, ba mu san rugarsu ba, amma muna roƙon duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi a yankin ya isar masa da gaisuwarmu.

Dab da magariba jagoran ya dawo da samarin ƙauyensu, riƙe da tocila da bargo da gora biyu. Suka haɗa abin ɗauka, suka riƙa karɓa-karɓa a kan hanyar da mu masu lafiya ma da rarrafe muke bin wasu wuraren, suka tsallaka da shi rafin da ya cika har cinya. A ƙauyen, wata dattijuwa ta buɗe mana ɗakinta, ta hura wuta, ta dama kunun acca mai zafi, ta zauna tana ba ƙanena da ludayi tana ce masa, "Sannu ɗana, sha kaɗan-kaɗan." Mutanen gidan Kiristoci ne, amma su ne suka kawo mana ruwan alwala da tabarma ba tare da mun nema ba, suka nuna mana alƙibla, muka haɗa magariba da lisha. Da muka ciro kuɗi, mai gidan ya ɓata rai, ya ce, "Malam, mayar da kuɗinka aljihu, baƙo ba ya sayen wuta a gidana." Mama, Baba, Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuriyarku.

Muna godiya ga mai a-kori-kurar da ya fito cikin dare a kan hanya mai taɓo ya kai mu asibiti a Jos, da ma'aikatan da suka karɓe mu a daren, suka ɗauki hoton ƙashi, suka kuma yi haƙuri da yawan tambayoyinmu. Haka nan 'yan'uwanmu Katsinawa mazauna Jos, waɗanda kafin gari ya waye sun iso da abinci da tufafi busassu, ɗaya daga cikinsu ma ya ba da motarsa da direba aka dawo da mu gida.

A nan Katsina kuwa, godiya ta musamman ga maƙwabtan da suka zauna da Hajiya a daren Asabar, lokacin da ba ta da labarin komai sai cewa an rasa mu a waya, da limamin masallacin unguwa da ya sa aka yi mana addu'a bayan sallar asuba. Waɗanda suka ba da shawarar a kai shi wurin mai ɗori, mun san ƙauna ce ta sa, kuma mun gode. Sai dai iyali sun tsaya a kan a ci gaba da bin umarnin likitan da ya ga hoton.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, amma muna roƙon a daure a zo tsakanin la'asar da magariba, domin da safe maganin da yake sha yana sa shi barci. Allah Ya bar zumunci, Ya kiyaye gaba.