Godiya ga jama'ar cocin Tokombere

Mun iso gida Mubi daren jiya, mu goma sha huɗu, ba wanda ko ciwon kai ya yi. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Tun gajiya ba ta sake ni ba, bari in sauke nauyin da ke wuyana. 'Yan'uwa na cocin Katolika da ke Tokombere, can gindin duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, Allah ya saka muku da alheri. Motarmu ta lalace bayan mun bar Marwa, ga hadari ya haɗo, muka iso cikin duhu a jiƙe sharkaf. Iyayenmu mata ko sunanmu ba su tambaya ba sai da suka dire mana tuwon dawa da zafinsa.

Baba katikis, kai kam ban san da wane baki zan gode maka ba. Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba, amma da Fulatanci da 'yar Hausarka ka ba mu tarihin wurin kamar a gabanmu aka yi. Ashe Fada Simon Mpeke yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa firist a 1935, kuma babbar ikilisiya ce ya bari a New-Bell ta Duwala ya taho nan a 1959. Ba takalmi yake hawa duwatsu wurin ƙabilun Mada da Muyang da Zulgo, ya zauna ya saurari dattawan gargajiya kafin ya buɗe baki, har kowa ya koma ce masa Baba Simon. Ya rasu a Edeya ranar 13 ga Agusta 1975. Da ka ce a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke kan hanyar shiga sahun waliyyai, na ga idonka ya kawo ruwa.

Ni kuwa da takalmina sabo fil, ko rabin dutsen ban kai ba na zauna ina haki. Wata yarinya ta karɓi jakata ta aza a ka, ta yi gaba ta cikin gonakin dawa da aka tare da duwatsu hawa-hawa, tana waiwayena tana dariya. 'Yata, ban sami sunanki ba, amma kina cikin addu'ata.

Bakaniken da ya bar sallar isha'i ta jira shi har ya tayar mana da mota, Allah ya ƙara buɗi.

Wadda ta manta zaninta a kujerar baya, yana wurina. Ta same ni ran Lahadi bayan Misa.