Melk a cikin sanyi, da Jamusancin da bai kai ya kawo ba

Har yau idan na tuna ranar sai na ja tsaki, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Wata uku ina cika baki zan je Melk, gidan 'yan zuhudun nan na ɗarikar Benedikt da ke zaune kan dutse a bakin kogin Danub a Ostiriya, amma ban ɗauki minti biyu na duba tsarin shiga ba. Na tashi a watan Fabrairu, na hau jirgin ƙasa daga Viyana, tafiyar kusan awa guda. Tun daga tashar garin ake hango ginin, ruwan ɗorawa da fari, ya danne ɗan garin gaba ɗaya.

Sai da na haura tudun ina haki na ji labari. A lokacin sanyi ba a barin mutum ya yi yawonsa shi kaɗai, dole sai da ɗan jagora, kuma a sa'o'in da suka tsara. Rukunin masu Turanci ya shige. Saura na Jamusanci, ni kuwa Jamusancina na sayen burodi ne. Lambun ma a rufe yake sai bazara. Na biya, na bi ayari kamar raƙumi da akala.

Abin da na sani tun daga gida shi ya ɗan riƙe ni: a 1089 Leopold na Biyu, mai mulkin Ostiriya a lokacin, ya ba 'yan zuhudu wannan wuri, ginin da ake gani yanzu kuma na salon Barok ne, wato salon gini mai yawan ado, Jakob Prandtauer ya zana shi, aka yi aikin daga 1702 zuwa 1736, shi kansa ya rasu a 1726 bai ga ƙarshensa ba. Sauran bayanin duk ya wuce ta saman kaina. Jagorar ta yi magana, mutane su kwashe da dariya, ni in washe baki don kada a gane.

A ɗakunan kayan tarihi ne abin ya fi ƙona min rai. Muka tsaya gaban wani akwatin gawa na katako, ƙasansa na buɗewa kamar ƙofa. Kowa ya yi tsit, wasu na girgiza kai. Wata dattijuwa ta lura na yi zuru, ta matso ta raɗa min da ɗan Turancinta. Ashe a 1784 Sarki Joseph na Biyu ya ba da umarni a daina binne mutane da akwati, don tattalin katako da kuma gawa ta yi saurin komawa ƙasa. A sa mamaci a buhu, a kai shi bakin kabari, a buɗe ƙasan akwatin, a mayar da akwatin don na gaba. Jama'a suka tayar da ƙayar baya, cikin 'yan watanni ya janye dokar. Na tsaya ina kallon katakon nan, na ce a raina, to ai wannan makara ce! Abin da muke yi kullum da likkafani, mu mayar da makara masallaci, shi ne nan ya zama abin kayan tarihi. Sai dai mu da hannu muke saukar da namu, a hankali, ba a sake shi ya faɗa ba, kuma ina jin nan ne abin ya yi musu ciwo. Na so in yi tambaya goma. Da wane bakin?

Kuskure na biyu ɗan na farko ne. An hana ɗaukar hoto a ciki, saboda haka da muka fito barandar da ke kallon kogi sai na huce haushina a kan waya, iska na yanka min yatsu ina ta danne-danne. Kafin in waiwayo ayari ya shige ɗakin karatu, wanda dominsa na zo. Littattafai kusan 100,000 gidan ke da su, da rubuce-rubucen hannu wajen 1,800. Na shiga ana shirin fita. Na ga kantoci na katako har sama, bangon littattafai ruwan zinare, zanen Paul Troger a rufi, na shaƙi ƙamshin tsohuwar fata, sai aka nuna mana matakalar nan mai murɗewa zuwa coci. Hanyar ba ta komawa baya. Hotuna arba'in na kogi mai hazo, ɗakin karatu kuwa ko minti uku ban yi ba.

Cocin ya cika ido, zinare ko'ina, har ya so ya yi min yawa. A nan kabarin Koloman yake, matafiyi ɗan Ayilan da aka rataye a garin Stockerau kusa da Viyana a 1012 bisa zargin leƙen asiri, don ba wanda ke jin yarensa. Wannan ma a jirgin komawa na karanta, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Duk mai niyya, ya bari sai daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ake barin mutum ya tsaya inda ransa ke so. In kuwa dole sai da sanyi, ya duba sa'ar rukunin Turanci tun da dare, ya hau jirgin da ke gaban wanda ya yi niyya, a baranda kuma ya bar waya a aljihu. Abokin zamana da na ba labari cewa ya yi, "Malam, ai na ce ka duba." Bai ce ba. Amma na riga na ware kuɗin jirgin watan Mayu.